Fankon kwantena: me ya sa take yawo a teku, kuma wa ke biyan kuɗin?

Kwantena dai ita ce akwatin ƙarfen nan da muke gani bisa manyan motoci a hanyar Dosso zuwa Maraɗi. Iri biyu aka fi sani, mai tsawon mita 6 da mai mita 12. Mafi yawansu na kamfanonin jiragen ruwa ne irin su Maersk, MSC da CMA CGM, ko na masu ba su haya. Wato ɗan kasuwa aro ya yi, in ya sauke kaya sai ya maida.

To matsalar ita ce, ciniki bai daidaita ba. Ƙasar Sin na fitar da kayan masana'anta fiye da abin da take shigowa da shi a kwantena, don haka fanko ke taruwa a Turai, Amurka da Afirka, a Asiya kuma ana nema. Maida su na cin mai, wuri a jirgi da kuɗin lodi, alhali ba mai kayan da zai biya. A ƙarshe kuɗin yana shiga farashin dako. Mun ga haka a 2021, lokacin korona, da fanko suka maƙale a tashoshi, dako ya yi tashin gwauron zabi.

Kamfanoni na rage asarar ta hanyoyi da dama. Suna lissafi da kwamfuta don hasashen inda za a buƙaci fanko makonni masu zuwa. Suna miƙa wadda aka sauke kai tsaye ga mai fitar da kaya na kusa, ba sai ta koma tasha ba. Suna karya farashi a hanyar komawa don ɗaukar tsofaffin takardu da ƙarafa. Akwai ma kwantena mai naɗewa, sai dai ba ta yaɗu ba.

Mu a Nijar ba mu da teku. Tun rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa ta Lome suke biyowa, su ratsa Burkina Faso. Tafiya ta ƙara tsawo, kuma in kwanakin da aka ba ɗan kasuwa kyauta suka cika, tara ke hawa kullum har ya maida kwantena, a cire daga kuɗin ajiyarsa. Wannan tara tana ƙarewa ne a kan mai saye a kasuwa. Shi ya sa cika ta da riɗi, aya ko ƙaro kafin ta koma ke da amfani gare mu.