Kowa da allonsa: yadda tsangaya ta riƙe yara a ƙasar Katagum

Katagum da Jama'are a bakin Barno suke. Tun lokacin da Malam Zaki da Muhammadu Wabi suka kafa masarautunsu a farkon ƙarni na 19, almajirai masu tafiya gabas neman harda ta wannan ƙasa suke ratsawa, wasu ma su yada zango su zauna. Har bayan da fadar Katagum ta koma Azare a 1916, wutar tsangaya ba ta daina ci a bayan gari ba.

Ni da na tsufa da alli a hannu a firamare, abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda alaramma ɗaya yake riƙe yara masu ɗimbin yawa, ba rajista, ba ƙararrawa. Sirrin yana jikin allon. Kowane yaro da nasa, kowa kuma da inda ya tsaya. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, na gefensu ya haura hizifi goma. Ba a jan kowa, ba a tsayar da kowa. Yaro shi zai ji a ransa karatun ya zauna, ya tashi ya je gaban malam ya biya. In ya kawo daidai, a ce ya wanke. In ya yi tuntuɓe, ya koma ya zauna da allonsa. Tawadarsa shi ke dafa ta, alƙalaminsa shi ke feƙe shi, itacen wutar dare kuwa kowa sai ya kawo nasa.

Sannan akwai matakai: kolo, titibiri, gardi. Gardi shi ke duba rubutun ƙanana, ya tashe su karatun asuba, ya raba faɗa. Shi kansa idan ya ga ya kwashi abin da zai kwasa, sai ya nemi izini ya ƙara gaba wurin wani gwani. A makarantar zaure ma haka: ɗalibi ke zaɓen malamin da zai ɗauki Ahalari ko Risala a wurinsa, ya zo da littafinsa, ya karanta gwargwadon abin da zai iya riƙewa.

Turawa ma sun taɓa bin irin wannan hanya. A 1798 Joseph Lancaster ya buɗe makaranta a Landan inda manyan ɗalibai, wato monita, ke koyar da ƙanana. Amma monitan da boko ta kawo mana, bayan Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, aikinsa ya fi karkata ga rubuta sunan masu surutu. Da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya ya zo a 1976, azuzuwa suka cika maƙil, malami ɗaya da baƙin allo ɗaya, kowa dole ya bi tafiya ɗaya.

Ba na wanke tsangaya tas. Akwai dorina, akwai gardin da ke cin zalin kolo, kuma wannan yana ci min rai. A da unguwa ke ciyar da almajiri, kowane yaro da gidan da ke ajiye masa tuwo, da damina kuma a yi noman gonar malam tare. Yau za ka tarar da ɗan shekara bakwai a tashar Azare da roba a hannu tun hantsi, gardin da ya kamata ya duba allonsa ya tafi ga-ruwa ko acaba.