Lambar Zane da Tarihin Shaidar Kaya a Iyakar Jibiya

Duk wanda ya kama hanyar Katsina zuwa Maraɗi sai ya ratsa Jibiya da Magama kafin ya faɗa Ɗan Isa ta ƙasar Nijar. Ita wannan hanya ta girmi iyakar nesa ba kusa ba. Sarakunan Haɓe da suka rasa Birnin Katsina a 1807 su ne zuriyarsu ta zauna a Maraɗi, saboda haka jama'ar ɓangarorin biyu dangi ne. Sai daga 1906 zuwa 1908 ne Ingilishi da Faransawa suka bi daji suna kafa alamun raba ƙasa.

Kafin wannan lokaci, shaidar kaya mutum ce. Falke ya sauka gidan fatoma, fatoma ya tsaya masa. Dillali ya shafa turkuɗi ya ce na Kura ne, ya ɗanɗana gishiri ya ce na Bilma ne, mai saye kuwa ya yarda domin ya san inda zai same shi gobe. Da iyaka ta zo, sai ɗan kwastan ya shigo da tambayar da ba ta dami falke ba a da, watau wace ƙasa ce ta yi kayan, ya kuma ce ba ya karɓar amsa sai a takarda mai hatimi.

Lambar zane, wadda ake kira bakod, watau ratsin baƙi da fari da ake bugawa a jikin kwali ko gwangwani, ba don ɗan kwastan aka ƙirƙiro ta ba. Amurkawa biyu, Norman Woodland da Bernard Silver, suka sami takardar mallakar dabarar a 1952, amma ta daɗe a ajiye don babu na'ura mai araha da za ta karanta ta. Ranar 26 ga Yuni, 1974 aka fara sayar da kaya da ita, a wani kanti a garin Troy na jihar Ohio, abin da aka sayar kuwa cingam ne. Turai ta kafa nata tsarin a 1977, daga baya tsarin biyu suka haɗu a ƙungiya ɗaya mai suna GS1 a 2005. Manufar dai ita ce mai kanti ya rage layi, ya kuma san abin da ya saura a rumbunsa.

Lambar da aka fi gani alƙaluma 13 ce. Ukun farko na reshen ƙungiyar da ya ba da ita ne, na Nijeriya 615. Sai lambar kamfani, sai ta kayan, na ƙarshe kuma na tabbatar da lissafi ne. Alal misali, mai yin kilishi a Katsina da ke son kayansa su shiga manyan kantunan Abuja zai yi rajistar kamfaninsa, ya nemi lamba daga reshen GS1 da ke Legas, ya riƙa biyan kuɗin sabuntawa kowace shekara. Kowane girman ƙunshi da lambarsa daban.

A nan ne ake yawan yin kuskure, har da masu ilmi. Alƙaluman 615 ba su ce a Nijeriya aka yi kayan ba. Abin da suka ce kawai shi ne a Nijeriya aka yi rajistar lambar. Kamfanin Kano na iya yin odar kaya daga Sin ya buga musu 615, bai karya dokar ƙungiyar ba. Ma'aikacin da ya ɗauki lambar a matsayin takardar asali ya ɗora mata nauyin da ba nata ba.

Abin da ya faru da shinkafa ya isa misali. A Agustan 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa, galibi don hana shigo da shinkafar waje, ba a kuwa buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022. A tsakanin nan, masu fasa-ƙwauri kan juye shinkafar Tailan a buhun da ke ɗauke da sunan kamfanin gida. Lambar da ke jikin buhu ta buhun ce, ba ta ƙwayar ba. Mai saye a kasuwar Jibiya, inda har yau awo da mudu da tiya ake yi, sai ya ɗebo shinkafar a tafin hannu ya duba tsawonta da haskenta, sa'an nan ya tambayi wanda ya yarda da shi.