Wa Zai Kawo Hujja? Tarihin Lauyoyin da Suka Ɗaure wa Katin Shaidar Zaɓe Gindi a Amurka

Duk wanda ya taɓa bin layin zaɓe a Najeriya zai yi mamakin jin cewa Amurkawa sun shafe shekara ashirin suna shiga kotu suna fita a kan ko ya kamata mai zaɓe ya nuna katin shaida. A wurinmu magana ce da ta ƙare: ba kati, ba ƙuri'a. Tun 2015 na'ura ke karanta katinmu na dindindin, a 2023 kuma har yatsa da fuska aka duba. Sai dai hukumar INEC da ke tambayar katin ita ce ke bayar da shi, kyauta, ga duk wanda ya yi rajista. Amurka ba ta da katin ɗan ƙasa guda ɗaya, ba ta kuma da hukuma ɗaya mai gudanar da zaɓe. Kowace jiha cikin 50 da dokarta, kuma abin da akasarin mutane ke nunawa lasisin tuƙi ne. Tsohon da ya daina tuƙi da talakan da bai taɓa mallakar mota ba, su ne ake rigimar a kansu.

A yau fiye da jihohi 30 suna neman wata shaida a rumfar zaɓe. Wannan bai faru da kansa ba. Aiki ne na wasu ƙungiyoyin lauyoyi masu ra'ayin riƙau, waɗanda suka yi haƙurin shekaru har suka juya tambayar da ake yi. A da, jiha ce za ta kawo hujjar cewa dokarta ba ta tauye kowa ba. Yanzu mai zaɓe ne zai kawo hujjar cewa shi ne shi.

Tsoro biyu

Amurka ta gaji tsoro iri biyu, kuma kowanne yana da tushe. Na farko tsoron maguɗi ne. A birnin New York na shekarun 1860, gungun 'yan siyasar Tammany Hall ƙarƙashin William Tweed sukan ɗauki mutum ɗaya su zaga da shi rumfa-rumfa yana jefa ƙuri'a da sunaye daban-daban. A 1948 kuma, Lyndon Johnson ya ci zaɓen fidda gwani na Majalisar Dattawa a Texas da ratar ƙuri'a 87 kacal, bayan da wasu ƙuri'u kimanin 200 suka ɓullo daga wani akwati mai lamba 13, kwanaki bayan an rufe zaɓe.

Na biyu tsoron hana mutane zaɓe ne. Gyara na 15 ga kundin tsarin mulki, a 1870, ya haramta hana mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa. Jihohin kudu suka zagaye shi da harajin zaɓe da jarrabawar iya karatu, suna cewa tsaftace zaɓe suke yi. A Louisiana, baƙaƙen fata masu rajista sun haura 130,000 a 1896. Kafin 1904 sun koma 1,342. Ba a karya wannan shinge ba sai a 1965, bayan dukan da 'yan sanda suka yi wa masu tattaki a gadar Selma. Johnson ɗin nan na akwati mai lamba 13, yanzu yana shugaban ƙasa, shi ya sa hannu a Dokar 'Yancin Zaɓe. Sashe na 5 na dokar ya tilasta wa jihohin da suka yi ƙaurin suna su nemi amincewar gwamnatin tarayya kafin su taɓa kowace ƙa'idar zaɓe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Shi ya sa har gobe da yawa daga baƙaƙen Amurka ke ɗar-ɗar da kalmar "tsaftace zaɓe".

Daga rumfa zuwa kotu

Da farko a bakin rumfa ake wannan gwagwarmaya. A zaɓen gwamnan New Jersey na 1981, jam'iyyar Republican ta tura masu gadin ƙuri'a, ciki har da 'yan sandan da ba sa bakin aiki, zuwa unguwannin baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka. Aka kai ƙara, kuma a 1982 jam'iyyar ta shiga yarjejeniyar kotu da ta ɗaure mata hannu a irin wannan aiki har tsawon shekara 35.

Masu ra'ayin riƙau sun riga sun ga wata hanyar. Sun lura da yadda Thurgood Marshall da lauyoyin ƙungiyar NAACP suka rushe wariyar launin fata a makarantu a 1954 ta hanyar jera ƙararraki ɗaya bayan ɗaya. Suka kwaikwayi salon. Aka kafa cibiyar Heritage a 1973, aka kafa Federalist Society a 1982 domin renon lauyoyi da alƙalan gobe, Larry Klayman kuma ya kafa Judicial Watch a 1994.

Zaɓen shekarar 2000 ne ya buɗe musu fili. George W. Bush ya ci Florida da ƙuri'a 537, bayan makonni biyar ana ƙirga har Kotun Ƙoli ta tsayar da ƙirgar. Kowa ya gane cewa 'yan ɗaruruwan ƙuri'u na iya naɗa shugaban ƙasa. A 2005 wani kwamiti da tsohon shugaba Jimmy Carter na Democrat da James Baker na Republican suka jagoranta ya ba da shawarar a riƙa neman kati mai hoto, da sharaɗin gwamnati ta bi mutane ta ba su katin kyauta. Masu fafutukar katin sun riƙe rabin farko na shawarar da kyau. A shekarar ce Indiana ta kafa dokarta mai tsauri.

Shari'ar Indiana ta isa Kotun Ƙoli a 2008, alƙalai shida suka amince da dokar, uku suka ƙi. Mai shari'a John Paul Stevens, wanda ake lissafawa cikin masu sassaucin ra'ayi, shi ya rubuta babban hukuncin. Ya yarda cewa babu shaidar an taɓa samun wanda ya yi sojan gona a rumfar zaɓe a tarihin Indiana, har sai da ya koma zamanin Tweed neman misali. Duk da haka ya ce jiha na da damar yin rigakafi da kare amincewar jama'a. Nan nauyin hujja ya fara sauya kafaɗa: jiha ba sai ta nuna akwai ɓarawo ba, masu ƙara ne za su nuna wa aka hana.

Ƙungiyoyin da makaminsu

Bayan 2008 sababbin ƙungiyoyi suka fito. Catherine Engelbrecht ta kafa True the Vote a Houston, tana horar da masu sa ido a rumfuna. J. Christian Adams, lauya a sashen zaɓe na Ma'aikatar Shari'a, ya ajiye aiki a 2010 yana zargin ma'aikatar da sassauta ƙarar wasu 'yan ƙungiyar New Black Panther da aka gani a ƙofar wata rumfa a Philadelphia, ɗayansu riƙe da kulki. Daga baya ya shugabanci Public Interest Legal Foundation. A Heritage kuwa, Hans von Spakovsky ya zama muryar da aka fi ji a wannan fage.

Makamin da suka fi amfani da shi wata doka ce da Bill Clinton ya sa wa hannu a 1993 domin sauƙaƙa rajista, wadda ta ba mutum damar yin rajistar zaɓe a ofishin lasisin tuƙi. Sashe na 8 na dokar ya wajabta wa jihohi cire matattu da waɗanda suka ƙaura, ya kuma ba da damar duba takardun rajista, wani sashen dokar kuma ya ba da damar kai ƙara. Sai ƙungiyoyin suka riƙa kwatanta yawan masu rajista da yawan baligai a gunduma, su aika takardar gargaɗi, in ba a motsa ba su tafi kotu. A 2019 Judicial Watch ta sa gundumar Los Angeles ta amince ta fara bin hanyar cire sunaye da za su iya kai miliyan 1.5 na waɗanda suka daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba. Shekara ɗaya kafin nan, Kotun Ƙoli ta halatta wa Ohio cire wanda ya daina zaɓe, bai amsa takardar hukuma ba, ya kuma ƙara shekara huɗu bai fito ba.

Babbar nasarar ta zo ranar 25 ga Yuni, 2013, a ƙarar da gundumar Shelby ta Alabama ta shigar da taimakon Edward Blum, mutumin da ba lauya ba ne amma ya ƙware wajen nemo masu ƙara da kuɗin shari'a. Da rinjayen biyar da huɗu, kotu ta soke ma'aunin da ake tantance jihohin da sai sun nemi izini, Sashe na 5 ya zama fanko. A ranar Texas ta ce dokar katinta ta fara aiki, dokar da ta karɓi lasisin riƙe bindiga ta ƙi katin ɗalibi. Wata kotun tarayya ta gano cewa masu rajista kimanin 600,000 ba su da katin da ake nema. A North Carolina ma, kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar jihar a 2016, tana cewa an auna baƙaƙen fata da ita kamar yadda likita ke auna wurin fiɗa.

Me lissafi ya nuna?

Adalci ne a faɗi inda ƙungiyoyin ke da gaskiya. Rajistar Amurka cike take da sunayen matattu da na waɗanda suka ƙaura, kuma binciken ra'ayi na kamfanin Gallup ya sha nuna cewa kusan takwas cikin goma na Amurkawa suna goyon bayan kati mai hoto. Maguɗi ma yana faruwa: Heritage ta tara kimanin 1,500 na waɗanda aka tabbatar, cikin shekaru da dama.

Amma kati laifi ɗaya tak yake iya hanawa, wato mutum ya zo rumfa da sunan wani. Farfesa Justin Levitt ya bi diddigin wannan daga 2000 zuwa 2014, ya samu zarge-zarge 31 masu ƙwari cikin ƙuri'u fiye da biliyan ɗaya. Maguɗin da ya kai ga soke zaɓen ɗan majalisar tarayya a North Carolina a 2018 kuwa, da ƙuri'un gidan waya aka yi shi, kuma wani mai yi wa ɗan takarar Republican aiki ne ya shirya shi. An bar jaki ana dukan taiki. A Kansas, dokar Kris Kobach ta neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa ta tsayar da rajistar mutum fiye da 30,000, alhali kotu ta samu baƙi 39 ne suka yi rajista tsakanin 1999 da 2012. Aka soke dokar a 2018. Ƙungiyar Adams ma ta wallafa sunayen mutanen da ta ce baƙi ne a rajistar Virginia, ashe akwai 'yan ƙasa a ciki, ta ƙare da ba da haƙuri a 2019.

Masu adawa da katin su ma lissafi bai ba su duk abin da suke so ba. Masana biyu, Enrico Cantoni da Vincent Pons, sun duba zaɓukan 2008 zuwa 2018, suka samu dokokin kati masu tsauri ba su rage fitowar masu zaɓe a zo a gani ba, ba su kuma rage maguɗi ba.

Bayan 2020

Donald Trump ya kafa kwamitin binciken maguɗi a 2017, da Kobach da Adams da von Spakovsky a ciki, aka rushe shi a Janairun 2018 ba tare da rahoton da ya tabbatar da zargin ba. Bayan ya faɗi zaɓen 2020, shi da magoya bayansa suka shigar da ƙararraki fiye da 60, kusan duka suka faɗi, wasu a gaban alƙalan da shi ya naɗa. Lauya Cleta Mitchell, wadda take kan layi lokacin da Trump ya kira sakataren jihar Georgia yana neman a samo masa ƙuri'a 11,780, ta koma ta kafa cibiyar horar da masu sa ido. Fim ɗin da aka gina kan bayanan True the Vote, mai suna 2000 Mules, kamfanin da ya rarraba shi ya janye shi a 2024 tare da neman afuwar wani mutumin Georgia da aka nuna a ciki.

Faɗuwar ba ta tsayar da tafiyar ba. Magana ta tashi daga kati a rumfa ta koma takardar haihuwa ko fasfo a wurin rajista, kuma Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin haka a 2024, ta sake a 2025.

Mu da muka san zafin maguɗi ba za mu raina mai neman tsaftar zaɓe ba. Mun kuma san katunan da ke jibge a ofisoshin hukuma masu su ba su samu karɓa ba. Tarihin waɗannan ƙungiyoyi ya bar mana ma'auni mai sauƙi na auna kowace sabuwar ƙa'idar zaɓe, a can ko a nan: ɓarayi nawa ta kama, masu haƙƙi nawa ta mayar gida, kuma wa aka ɗora wa wahalar nemo takardar. Sharaɗin Carter da Baker na cewa gwamnati ce za ta bi mutane da katin yana nan a rubuce tun 2005.