Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera a binciken cutar Parkinson

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin jijiya masu samar da sinadarin dofamin, wanda ke daidaita motsin jiki. Mutuwarsu ke haddasa cutar Parkinson, mai sa makyarkyata da sanƙarewar gaɓoɓi, wadda likita James Parkinson ya bayyana a Landan a 1817.

Domin nazarinta, masana kan ciro ƙwayoyin daga tayin ɓera mai kimanin kwana 14, su raine su a ɗakin gwaji a ɗumin digiri 37. Sannan su zuba musu guba kamar rotenone, wani maganin ƙwari, su nemi abin da zai kare su. Da irin waɗannan ƙwayoyi aka gano furotin GDNF, mai tsawaita rayuwarsu, a 1993. Har yanzu dai cutar ba ta warkewa. Maganin levodopa sassauci kawai yake kawowa.