Gurbin Rubutu a Karatun Kimiyyar Kwamfuta: Nazari daga Jami'o'in Jihar Kebbi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba gurbin da aka ba rubutu a tsarin karatun ɗaliban kwamfuta, bisa la'akari da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, wadda aka kafa a 2013, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006. Matsayarta ita ce a mayar da koyar da rubutu cikin kwasa-kwasan sashe, kuma a ba Hausa gurbi a matakin tattara buƙatun masu amfani da manhaja.

Gabatarwa

A watan Disamba 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu na CCMAS. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30, kuma fannin kwamfuta ya samu cin gashin kansa. Ta fuskar rubutu, ɗalibi yana haɗuwa da kwas ɗin Turanci na GST 111 a aji ɗaya, cikin taron ɗaliban sassa daban-daban. Kwas ɗin dabarun bincike da rubuta rahoto kuwa sai a aji huɗu. A tsakani akwai rahoton horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda ake nema daga gare shi tun kafin a koya masa yadda ake rubuta shi. Wannan giɓi shi ne damuwar maƙalar.

Rubutu a aikin manhaja

Ana yawan ɗaukar rubutu a matsayin kwalliyar da ake yi wa kundin digiri bayan an gama aiki. Masana fannin ba haka suka gani ba. A 1984 Donald Knuth ya yi kira da a riƙa tsara umarnin kwamfuta domin mutum ya karanta ya fahimta. Tun a 1975 Edsger Dijkstra ya sanya ƙwarewa a harshen uwa cikin manyan jarin mai rubuta manhaja.

Ƙasar Gwandu ma tana da nata misali. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano saboda jama'ar garin sun nemi jagora kan sha'anin mulki. Ya san wanda zai karanta, ya san abin da zai yi da littafin. Abin da ɗalibinmu ya rasa ke nan: yana rubutu ne domin malami mai jan biro kaɗai.

A ɗauka an tura ɗalibi Maruda, cikin ƙaramar hukumar Gwandu, ya gina wa ƙungiyar manoma manhajar lissafin bashin taki. Kafin ya taɓa kwamfuta sai ya zauna da ma'ajin ƙungiya ya ji yadda ake yi. Wani zai biya da kuɗi, wani da buhun shinkafa bayan kaka, wani da rabin buhu, saura sai baɗi. Mutum uku a unguwa ɗaya sunansu ɗaya, sunan mahaifinsu ma ɗaya, laƙabi ne ke raba su. Mai bashi yana iya rasuwa, magada su ɗauka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharaɗi ne da manhajar za ta bi, kuma da Hausa aka faɗa masa. In bai iya rubuta shi a jimla ɗaya marar harshen damo ba, kuskuren zai bi shi har cikin rumbun bayanai, inda gyaransa ya fi tsada.

Shawarwari

A ganin wannan maƙala, cikin kashi 30 ɗin nan ya kamata gyaran ya fito. Kowane kwas na rubuta manhaja, tun daga aji biyu, ya ƙunshi shafi ɗaya na bayanin aiki mai ɗauke da maki. Malamin sashe ya duba ma'ana, malamin harshe ya taimaka da tsari. A mayar wa ɗalibi ya gyara ya sake kawowa, domin a gyaran ake koyo.

Takardar buƙatu kuma a fara rubuta ta da Hausa, a karanta wa masu aikin su ce e ko a'a, sannan a juya ta zuwa Turanci. Wannan ba rage wa Turanci matsayi ba ne, tun da shi ne harshen kundi da na kasuwar aiki.

Akwai uzurin yawan ɗalibai, kuma uzuri ne na gaskiya. Ana iya sassauta shi da musayar takardu: ɗalibi ya karɓi bayanin abokinsa ya yi ƙoƙarin gina abin da aka rubuta ba tare da tambaya ba, duk inda ya tsaya nan rubutun ya gaza. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamba 2022, samun shafi mai santsin Turanci ya zama abu mai sauƙi, saboda haka a haɗa kowane rahoto da 'yan mintuna na kare shi da baki a gaban aji.