Idan gari ya watse, wa ke goya gurgu?

Yau tarihi za mu taɓa.

In an ce Gobir, Bawa Jan Gwarzo ake tunawa, da faɗuwar Alƙalawa a 1808. To, makafi da guragu da kutare fa? Ƙasar Hausa ba ta bar su kara zube ba. Akwai Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu sasanta rigima, su raba sadaka, su kai kuka fada. A shekarun 1930 'yan mishan suka karɓi jinyar kutare a Amanawa, kusa da Sakkwato. A 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci.

Amma fa duk tsarin zaman lafiya ne. Yau a Sabon Birni da Isa, in 'yan bindiga suka shigo, mai ƙafa ke kaiwa Gidan Rumji ko Sakkwato.

Da dogon hutu na yi aikin sa kai a wani sansanin yara masu buƙata ta musamman, yawancinsu 'yan gudun hijira. Wata yarinya kurma ta nuna min da hannu cewa ba ta ji harbi ba, juyowa kawai ta yi ta ga gida wayam.

Kakanninmu sun ba naƙasassu sarauta. Mu ko sunayensu ba mu rubuta ba. Matasa, kowace unguwa ta zauna da mai unguwa: wa zai tada kurma, wa zai ja makaho, wa zai goya gurgu? A raba aikin tun kafin dare.

Allah Ya kawo mana sauƙi. Sai mako na gaba.