Delko da tsohuwar Fijo

Duk wanda ya taɓa zama a garejin kanikawa a Maraɗi ko Damagaram ya ji ana cewa "delko". Shi ne ɗan gwangwanin nan da ke jikin inji, mai wayoyi biyar a ka, wanda yake raba wuta ga buji huɗu bi da bi. Idan ka tsallaka Katsina ko Kano, da sunan Ingilishi ake kiransa, buji kuma ya koma fulogi.

Abin mamaki, kalmar ba ta Faransanci ba ce. Sunan wani kamfani ne na garin Dayton a Amurka, Delco, wanda Charles Kettering da abokinsa Edward Deeds suka kafa a 1909. Tsarin da Kettering ya haɗa, aka sa wa motar Cadillac a 1910, shi duniya ta bi har shekara sittin da ɗoriya: batir ya ba kwayil wuta, wasu bakunan ƙarfe biyu da ake kira kwantak su riƙa haɗuwa suna rabuwa, duk rabuwa kwayil ya harba wuta mai ƙarfi zuwa buji. Faransawa suka ɗauki sunan kamfanin suka liƙa wa na'urar, mu kuma muka gada daga bakinsu.

Motar da ta sa delko ya zama ɗan gida a ƙasar Hausa ita ce Peugeot, wato Fijo. 404 ta fito a 1960, 504 ta biyo baya a 1968. Ta hanya biyu suka cika mana tituna. Daga kudu, masana'antar PAN ta fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Daga arewa kuma, samarin Turai ne suke ratso Sahara da tsofaffin 504, ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Yamai, su hau jirgi su koma gida.

Ana yawan yabon ƙafar 504 da ƙarfin jikinta. Ni a ganina rabin sirrin yana cikin delko. Direban da motarsa ta mutu tsakanin Tawa da Abalak ba ya jiran kowa. Sai ya buɗe murfin, ya goge kwantak da 'yar takardar yashi, ya daidaita tazarar bakunan, wadda a ƙa'ida milimita 0.4 ce, ko da kwalin sigari ne ma'auninsa, ya tayar ya wuce.

To, yanzu wahalar ita ce samun kwantak ɗin. Peugeot ba ta ƙera delkonta da kanta, saye take yi daga Ducellier da Paris-Rhône da SEV Marchal, kuma kwantak na wannan ba ya zama a cikin wancan. Dukkansu daga baya Valeo ta haɗiye su. Sababbin motoci suka koma tsarin lantarki marar kwantak, masu ƙera na asali suka ragu. Ana cikin haka naira ta faɗi daga 1986, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, duk abin da ya fito daga Faransa kuɗinsa ya ninka. Giɓin da aka samu sai jabu ya cike shi, cikin kwali mai kama da na asali.

Shi ya sa mai neman kayan wutar 504 a yau, ko a Katako ta Yamai ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, gara ya kwance delkon ya tafi da shi a hannu, domin lambar da ke jikinsa ake bi, ba shekarar mota ba. Motar da ta yi shekara arba'in da wuya a tarar da delkon da ta fito da shi. Kwandensa ita ce mafi cin amana: sabuwa fil a ido, amma da inji ya yi zafi sai ta ƙone kwantak, a ɗora laifin kan kafireta. Tsofaffin kanikawa da yawa sun fi yarda da wadda aka ciro daga mataccen inji a wajen 'yan gwangwan.

Wasu sun huta, sun sa delko na lantarki. Motar takan tashi da bugu ɗaya ko da sanyin hunturu. Ranar da ya ƙone a daji kuwa, takardar yashi ba ta da aikin yi, sai dai a nemi igiya da motar da za ta ja.